Ayan da bakinsa a aikin ƙananan kayan fanel: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wanda ya gama koyon gyaran waya a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, maigidansa ya yaye shi ya kafa nasa teburin, sayayyar da ta fi ɗaure masa kai ita ce ta ayan, wato ƙarfen da ake narka dalma da bakinsa a liƙe kaya. Kuɗin hannu kaɗan ne, ga mitar gwajin wuta, ga buluwa mai hura iska mai zafi, ga madubin ƙara girma duk suna jira. In ya tambayi abokan sana'a, wani ya ce ya nemi baki mafi siriri tunda kayan waya ƙanana ne, wani ya ce baki mai siffar wuƙa shi ne komai, wani kuma ya ce buluwa kaɗai ta wadatar. Mai gyaran talabijin da dikoda da inbata a Sabon Gari ma bai tsira ba. Ya saba da kayan da ƙafafunsu ke shiga rami a liƙe su ta baya, yanzu kuwa kusan duk abin da aka kawo masa, kayansa a manne suke a fuskar fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin na'ura, babu rami babu doguwar ƙafa.

Tambayoyi biyu ne a dunƙule a nan: wane irin ayan, sannan wace siffar baki za a ɗaura masa. Kafin a taɓa ko ɗaya, sai a san da me za a auna su.

Ma'aunan zaɓi

Wanda ya fi kowanne nauyi shi ne yadda zafi ke fita daga baki ya shiga wurin da ake liƙewa. Lambar da ke kan allon na'ura ba ita ce zafin da ya isa ƙafa ba. Baki na taɓa fanel, jan ƙarfen da ke ciki zai fara zuƙe zafin, musamman a ƙafafun giraun, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, inda shimfiɗar jan ƙarfe ke da faɗi. Fanel ɗin waya kuma hawa-hawa ne, akwai shimfiɗu a ciki da ido ba ya gani, duk suna sha. Don haka abin dubawa uku ne: bakin yana da kaurin da zai riƙe zafi, yana da faɗin da zai miƙa shi, kuma na'urar na da saurin mayar da abin da aka zuƙe?

Sai girman aikin. Resista ko kafasita mai lamba 0805 tsawonta milimita 2 ne, faɗi 1.25. Mai 0603 milimita 1.6 ce da 0.8, mai 0402 kuma 1 da 0.5. A cikin wayoyin yanzu za ka haɗu da 0201, wato 0.6 da 0.3, har ma da 01005 mai 0.4 da 0.2. Ƙafafun IC, ɗan baƙin kayan nan mai ƙafafu da yawa, ma haka: wasu tazarar da ke tsakaninsu milimita 1.27 ce, wasu 0.5. Mai gyaran inbata da mai gyaran waya ba awo ɗaya suke aiki a kai ba, bai kamata su yi sayayya iri ɗaya ba.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, har da na canjin baki nan gaba, da ƙarko, da sauƙi ga hannun da bai gama faɗawa ba, da haɗarin da kayan mutane ke ciki. Akwai kuma wanda masu ƙera na'urorin ba su yi tunaninsa ba amma mu muna rayuwa da shi: me za ka yi in an ɗauke wuta ga kwastoma zaune a benci yana jira?

Ayan na soket

Wannan shi ne mai wat 30, 40 ko 60 da ake jonawa kai tsaye, babu maɓallin zafi. Ba abin da ya kai shi araha, kuma ko'ina ana samunsa. Matsalarsa ba ya san inda zai tsaya. In ka ajiye shi sai ya yi ta hawa har bakin ya yi baƙi, in wuta ta yi ƙasa ya kasa narka komai, in janareta ya ɗaga ya ƙone fes, wato man da ke sa dalma ta kama, kafin ya yi aikinsa. Da yawansu ba su da wayar giraun mai zubar da yoyon wuta a ƙasa, ɗan yoyon wutar da ke bakinsu kuma ya isa ya kashe IC. A haɗa waya da waya ko a canja babbar kafasita, ya yi. A kan fanel ɗin waya kuwa, araha ba ta ado.

Na'ura mai bakin 900M

Wannan tsari ya shahara ne da Hakko 936, na kamfanin Hakko na Japan, kuma kamfanoni irin su Yihua suna yin irinsa. Bakin kamar hula yake, ana zura shi a kan sandar da ke yin zafi. Alherinsa a fili yake: ana saita zafi, bakunan suna da araha sosai, ana sayar da su a jere siffa-siffa, kuma samunsu a Kano ba wuya.

Rauninsa a cikin ƙirarsa yake. Abin da ke auna zafi yana cikin sandar ne, ba a tsinin baki ba, tsakanin sandar da bakin kuma akwai ɗan sarari na iska. Idan fanel ya zuƙe zafi, sai na'urar ta makara kafin ta ji, ta sake makara kafin ta mayar. Shi ya sa za ka ga mai 936 yana murɗa ta zuwa digiri 400 ko 450 don ya ci ƙarfin ƙafar wajen caji, bakin kuma ya mutu da wuri. In za ka sayi baki irin wannan, zura shi a sandar ka girgiza. Wanda ke lilo sosai zafi ba zai riƙa ratsa shi da kyau ba.

Bakin T12

A nan ne aka sami babban sauyi. A T12, wanda shi ma ƙirar Hakko ce, abin yin zafi da abin aunawa da bakin duk a cikin sanda ɗaya suke. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kai zafin aiki, kuma yana jin sanyin fanel nan take ya rama. Sakamakon haka za ka yi aiki a 320 wanda mai 936 sai ya kai 380. Na'urorin da ke ɗaukar wannan baki sun yi yawa yanzu, farashinsu matsakaici ne. Baki ɗaya ya fi na 900M tsada nesa, domin duk lokacin da ka canja, da abin zafin kake canjawa, amma ya fi jimawa tunda ba a gasa shi.

Abin da ya sa nake ganin T12 ya dace da garin nan shi ne wutar da yake ci. Da bolt 24 yake aiki, ba da wutar gida kai tsaye ba, kuma akwai ƙananan na'urori da ake ba su wuta daga batir ko cajar kwamfuta. Sai dai a san lissafin: abin zafinsa kusan om 8 ne, a bolt 24 yana ba da wajen wat 72, a cajar kwamfuta mai bolt 19 wajen wat 45, a batir ɗaya mai bolt 12 kuwa wat 18 kacal. Mai sola da ya jona shi a batir ɗaya ya ga ba ƙarfi, ba ayan ne ya lalace ba. Ƙananan ayan na aljihu irin su TS101 da Pinecil su ma a wannan tsarin suke, suna karɓar wuta ta USB-C, kuma fawa banki mai ƙarfi zai iya riƙe su.

Haɗari ɗaya: a cikin masu araha akwai waɗanda ba a haɗa bakinsu da giraun ba. Ranar da ka saya, sa mita tsakanin bakin da ƙafar giraun ta filogi ka tabbatar.

C210 da C245

Waɗannan ƙirar JBC ce, kamfanin da ke Basalona ta ƙasar Sifen. Na asali tsadarsa ta fi ƙarfin sabon shiga, amma Aixun da Sugon da Aifen suna yin na'urorin da ke ɗaukar bakunan, su ne aka fi gani a teburan masu aikin fanel. Sun fi T12 saurin ɗaukar zafi, kuma kana mayar da ayan mazauninsa zai sauke zafi da kansa, kana ɗauka ya dawo. Wannan barcin da yake yi shi ke tsawaita ran baki. Tazarar da ke tsakanin yatsu da tsinin baki gajeriya ce, kamar riƙon biro, hannu kuma ya fi tsayawa a ƙarƙashin madubi.

C210 ƙarami ne, na aikin waya, ƙarfinsa bai kai ya yi kokawa da babbar shimfiɗar giraun ba. C245 ya fi kauri da ƙarfi, shi ne na kwamfuta da inbata da fanel ɗin talabijin. Akwai C115 da ya fi su duka ƙanƙanta, na masu jamfa, wato haɗa layin da ya tsinke da siririyar waya, a ƙarƙashin IC. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi C210 kaɗai a sa shi aikin C245.

| Iri | Kuɗin saye | Kuɗin baki | Ƙarko | Sauƙin aiki | Haɗari ga fanel | In ba wuta |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Na soket | Ƙasa sosai | Ƙasa sosai | Kaɗan | Da wuya | Babba | Sai janareta ko inbata |
| 936 da 900M | Ƙasa | Ƙasa | Matsakaici | Matsakaici | Matsakaici | Sai janareta ko inbata |
| T12 | Matsakaici | Matsakaici | Mai kyau | Da sauƙi | Kaɗan, in da giraun | Wasu na aiki da batir |
| C210 | Sama | Sama | Siraran na saurin cinyewa | Da sauƙi a ƙaramin aiki | Kaɗan | Galibi sai inbata |
| C245 | Sama | Sama | Mai kyau | Da sauƙi | Kaɗan | Galibi sai inbata |

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, amma jerin nan ba ya sauyawa.

Siffar baki

A cikin iri ɗaya, farashin siffofi kusan ɗaya ne. Bambancin yana wajen aiki da kuma wanda zai riga mutuwa.

Allura, mai harafin I, da ɗan'uwansa mai tsinin fensir, mai harafin B, su ne kan zo da sabon ayan, su ne kuma sabon shiga ya fi so. A ganina babu bakin da ya ɓata fanel a garin nan kamar allura. Tsininta ba shi da nama, wurin da take taɓawa ɗigo ne, tura zafi ta nan kamar cika randa ne ta tsinken shan lemo. Dalma ta ƙi narkewa, sai mutum ya ƙara zafi, ya ƙara danni, ya ƙara lokaci. Waɗannan ukun su ke ɗaga mazaunin ƙafa daga fanel. Ka duba a madubi za ka gani: dalmar ta gudu ta taru a gefen bakin inda ya fi zafi, tsinin kuma ya bushe ya yi baƙi, fes ya ƙone ya bar tabo kamar kwalta, mazaunin ya fara motsi a ƙarƙashin hantsaki. Aikin da bai fi na canjin resista ɗaya ba ya koma na jamfa. Allura tana da wurinta, wato jan layin da ya tsinke da siririyar waya, da taɓa 0201 a cikin cunkoso. Ko a nan ma lanƙwasasshiyar ta fi miƙaƙƙiya, domin za ka kwantar da cikin lanƙwasar a kan aiki ka sami faɗi, kuma hannunka ba zai tare maka gani ba.

Cizal, mai harafin D, shi ne bakin yau da kullum. Yana da fuska shimfiɗaɗɗiya da ke taɓa ƙafa da mazauninta lokaci guda. Ka'idar zaɓensa ita ce faɗinsa ya yi daidai da faɗin mazaunin, ko ya gaza kaɗan. Lambar da ke gaban harafin faɗinsa ne da milimita: 1.2D ko 1.6D ya isa 0805 da 0603 da IC masu faɗin ƙafa, 2.4D kuma na manyan ƙafafu ne. Yana da ƙarko, yana yafe wa mai koyo.

Kofato, mai harafin C ko BC, an yanke shi a karkace, fuskarsa na riƙe ɗigon dalma. Aikin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne jan dalma a kan jerin ƙafafu. Akwai mai ɗan rami a fuska wanda ke ɗaukar dalma ya kuma tsotse rarar. Wanda ke yawan dasa IC mai ƙafafu ta gefe huɗu zai ji daɗinsa, wanda ba ya yi ba dole ba ne.

Wuƙa, mai harafin K, ita masu gyaran waya suka runguma, kuma suna da gaskiya. Baki uku ne a jiki ɗaya. Tsininta na taɓa ƙaramin wuri, amma da nama a bayansa, ba kamar allura ba. Kaifinta na kwanciya a kan jerin ƙafafu, ko ya taɓa gefe biyu na ƙaramar resista lokaci ɗaya a ɗauke ta. Faɗinta kuma na danne lagwanin jan ƙarfe mai tsotse dalma wajen share mazaunin IC. Haɗarinta a hannu mai nauyi yake: in ka kankara maimakon ka shafa, za ta yanke layi ko ta kwashe ƙananan kayan da ke maƙwabtaka. Ƙaramar wuƙa ta fi dacewa da waya, babba ta fi dacewa da kwamfuta.

Dabarun da ke tafiya da su

Kaya mai gefe biyu, resista ko kafasita: share mazaunan biyu, sa fes, ɗora 'yar dalma a ɗaya kawai. Narka ta, ka turo kayan da hantsaki ya shiga, ka janye ayan kafin ka saki hantsakin. Liƙe ɗaya gefen, sannan ka dawo na farko da ɗan fes ka gyara shi. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa kowane gefe. In ta wuce haka ba ta narke ba, bakin ne ya yi ƙanƙanta.

IC mai ƙafafu a waje: daidaita shi, kama kusurwa ɗaya, duba, kama kusurwar da ke kallonta, sake dubawa. Shafa fes a jerin, ɗauki dalma kaɗan a wuƙa ko kofato, ka ja a hankali a kan ƙarshen ƙafafun ba tare da danni ba. Dalma da kanta take neman ƙarfe ta bar koren fenti. In ƙafafu biyu sun haɗe, ƙara fes, goge baki, ka ja daga jikin IC zuwa waje. Lagwani sai in wannan ya gaza. Dalma mai kaurin milimita 0.3 zuwa 0.5 ta fi sauƙin aunawa a irin wannan aiki.

Abin da ƙafafunsa ke ƙarƙashin cikinsa, irin BGA da QFN, ayan ba ya isa gare shi, nan buluwa ce. Amma buluwa na gasa kowa da ke kusa, tana narka robar soket, tana hure ƙananan kaya, ga cin wuta: ƙananan irin 858D ma wajen wat 700 suke ja, abin da ƙaramin janareta ke ji a jikinsa. Rufe maƙwabta da tef mai jure zafi, kuma lokacin zafin Afrilu a tuna a juya fanka, don iskarta na sanyaya fanel ta karkatar da ta buluwa. A wajen caji, haɗa su biyun ya fi: a ɗumama wurin da buluwa daga nesa, sannan cizal ko wuƙa ta ƙarasa ƙafafun giraun ba tare da an ƙure zafi ba.

Irin dalmar ma na cikin lissafi. Mai 63/37, wato kuza kashi 63 da gubar dalma kashi 37, tana narkewa a digiri 183, kuma baki a 300 zuwa 330 ya ishe ta. Tun 2006 da dokar Tarayyar Turai ta taƙaita gubar dalma a kayan lantarki, masana'antu suka koma wadda ba ta da ita, mai narkewa wajen 217 zuwa 220, ita kuma tana son 340 zuwa 370. Shi ya sa ƙafar da ta zo daga kamfani ke taurin kai, shi ya sa kuma ɗiga mata 'yar 63/37 ke sassauta ta. Akwai mai narkewa a 138 da ake amfani da ita wajen cire kaya. Ta yi a cirewa, amma a share ta tas kafin a dasa sabo. Tana da saurin tsagewa, in kuma ta gauraya da mai guba sai ta koma narkewa ƙasa da digiri 100. Wajen cajin da aka dasa da ita ba zai jure cusa da zarewar kullum ba, wayar za ta dawo, sunanka ne kuma zai ɓaci.

Gubar nan ba abin wasa ba ce. Mutanen Arewa ba su manta da yaran da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. A tebur, ta hannu take shiga ciki, don haka a wanke hannu da sabulu kafin a ɓare goro ko a ci gurasa. Hayaƙin da ke tashi kuwa na fes ne, yana cutar da ƙirji, a sa abin da zai ja shi nesa da fuska.

Ƙarkon baki a hannunka yake

Cikin baki jan ƙarfe ne, an lulluɓe shi da siririn baƙin ƙarfe. Wannan lulluɓin ne ransa. Ranar da ka goga masa samfefa ko magagari ko reza, ka buɗe jan ƙarfen, dalma kuma za ta cinye shi ta yi rami. Goge shi da soson tagulla, ya fi jiƙaƙƙen soso domin ba ya girgiza shi da sanyi. Kada ka ajiye shi a bushe, bar masa ɗigon dalma kullum kafin ya koma mazauni. In ba aiki, sauke zafi ko ka kashe. Da hunturu kuma abu biyu ke ƙaruwa: ƙura da ke manne wa fes, da tartsatsin da busasshiyar iska ke tarawa a jikin mutum. A rufe gwangwanin fes, a ɗaura abin hannu mai giraun, a tabbatar giraun ɗin shagon na gaske ne ba ramin soket kawai ba.

Wa ya kamata ya sayi me

Sabon shiga mai ƙaramin jari, wanda aikinsa sikirin ne da wajen caji da sifika da maɓalli: T12 da baki biyu, ƙaramar wuƙa da cizal 1.6D. In kuɗin bai kai ba, 936 da waɗannan siffofin biyu za ta riƙe ka, ka bar allurar da ta zo da ita a cikin kwali.

Mai aikin fanel na gaske, wanda ke yini a ƙarƙashin madubi yana jamfa da canjin IC: na'ura mai ɗaukar C210, da ƙaramar wuƙa da lanƙwasasshiyar allura, tare da buluwa mai kyau. In za ka sami mai ɗaukar hannun C245 ma, ƙarin kuɗin ya cancanta saboda garkuwar ƙarfen da ke rufe kayan fanel da ƙafafun giraun.

Mai gyaran talabijin, dikoda, kwamfuta, inbata da na'urar cajin sola: C245 in da hali, T12 in babu, da cizal 2.4D, babbar wuƙa, da kofato ɗaya saboda IC masu jerin ƙafafu. C210 ba naka ba ne.

Wanda ke bin gidaje da ofisoshi, ko wanda shagonsa ke unguwar da wuta ba ta zama: TS101 ko Pinecil ko ƙaramar T12 ta batir, da abin da zai ba ta bolt 19 zuwa 24.

Ɗalibin da ke haɗa aikin makaranta a Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano: 936 ko T12 mai araha, cizal 1.2D, fes mai kyau, dalma 63/37 siririya, kuma ka tsara fanel ɗinka da kaya masu girman 0805, ka tara matattun fanel daga masu gyara ka yi ta cirewa da dasawa a kansu kafin ka taɓa naka.